Mai Rediyon Lahadi

"Maroƙi! A gidana?"

Alhaji Tamimu ya daka tsawar da sai da kofin shayi ya girgiza a kan tire. 'Yarsa Rahina tana laɓe a bayan labulen falo. A kan kafet kuwa saurayinta Nafiou ne a durƙushe, kansa a sunkuye.

Da safe fa Alhaji da fara'arsa. An gaya masa yaron ɗan Maraɗi ne, birkila a Dir'iyya, nan gefen birnin Riyadh, ba ya wasa da sallah, Alhajin da kansa ya ce yaron ya zo. Amma Nafiou na buɗe baki ya gaishe shi, sai Alhaji ya zabura kamar ya taka garwashi.

"Kai ne mai rediyon nan na Lahadi?"

"Ni ne, Baba."

"Ba ni ne babanka ba! Mai saka wa ƙarti goge da kalangu a waya, shi zan ba 'yata? Yalla, tashi ka ba ni wuri!"

Rediyon ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk Lahadi bayan La'asar, in Nafiou ya wanke simintin jikinsa, sai ya kunna waya ya yi shiri ta intanet: karatun Alƙur'ani, ɗan wa'azi daga wani ɗalibi, sannan gaishe-gaishe da tsofaffin waƙoƙi. Lahadi ranar aiki ce a Riyadh, amma ya zaɓe ta don a gida ana hutu, iyalan leburori su ma su saurara.

Shi kuwa Alhaji, in ka ga yadda yake hura hanci sai ka rantse kakansa ne ya gina Murabba, tsohuwar fadar sarkin ƙasar. Alhali shagon dabinon da yake tinƙaho da shi a kasuwar Utaiƙa da sunan kafil yake, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa; ikama, takardar zaman baƙi, ce a aljihunsa kamar ta kowane lebura. Abin da ya fi su da shi farar jallabiya ce da tumbi.

Matarsa Hajiya Balaraba ta leƙo tana taɓe baki. "Ai gaskiyarka, Alhaji. Allah ya tsare ni da jikoki masu rataye da kalangu."

Rahina ta shige ɗaki ta faɗa gado tana kuka, ta kira Nafiou.

"Wallahi I can't! Me ka yi wa Abba? Kun taɓa haɗuwa ne?"

Nafiou ya ce, "Mahaifinki ne, Rahina. Ki yi haƙuri."

"Kullum haƙuri! An zage ka tas, ko uffan ba ka ce ba — are you serious?"

"Akwai maganar da ba tawa ba ce, balle in faɗe ta."

"Halas! Shi ke nan!" Ta kashe wayar, haushinsa ya kusa kai na Abban.

Makon nan gidan ba daɗi. Rahina ta rame, idanu sun kumbura. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, wanda ya yi korar ya fi wanda aka kora shiga damuwa. Alhaji ya daina cin abinci, waya na yin ƙara sai ya firgita.

Ran Lahadi bayan La'asar ya ɗauki makullin mota kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana cewa a mota yake sauraren malamai, wai hayaniyar mata na hana shi fahimta. Rahina ta zura abaya ta bi shi, ta ƙudura yau ko ta durƙusa a kan kwalta sai ya saurare ta.

Ta tarar da gilashi a ɗan sauke. Alhaji ya ƙanƙame sitiyari, gumi na tsiyaya duk da sanyin mota. Muryar da ke fitowa daga wayarsa kuwa ko a mafarki ta san ta.

"Masu sauraro," in ji Nafiou, "akwai bawan Allah da muke kira Ɗan Tsohon Soja. Duk mako yakan aiko mini da saƙon murya…"

"Shi ke nan!" Alhaji ya dafe kai. "Ya tona ni!"

"…wannan makon dai ban ji daga gare shi ba. Allah ya sa lafiya. Ga waƙar da mahaifinsa ke so, mu taya shi yi masa addu'a."

Kukan goge ya cika motar. Alhaji Tamimu, mai ƙyamar maroƙa, ya kifa kai a sitiyari yana shessheƙa kamar yaron da aka ƙwace wa alawa.

"Abba?"

Ya ɗago a razane. Da ya ga ba hanyar gudu, sai ya buɗe mata ƙofa.

"Kakanki Saje Gali," ya ce, "da ya dawo daga yaƙin Bama ba ya magana da kowa. Sai ran Lahadi ya zauna gindin akwatin rediyo, a yi karatu, a yi jawabi, a sa kiɗa, sannan a ga haƙoransa. Har aka haife ni bai daina ba, a cinyarsa nake sauraro. Ya rasu ina nan ina auna dabino, ban je jana'iza ba. Yaron nan kaɗai na taɓa gaya wa. Na yi masa kuka a waya ba sau ɗaya ba, ban san zai zo ya durƙusa a falona ba."

"Abba, don ya ji kukanka ka kore shi?"

Alhaji ya kau da kai yana share hawaye.

Da labari ya kai kunnen Hajiya Balaraba, sai ta riƙe haɓa. "Oho! Ashe malamin da ake saurara a mota da goge yake wa'azi! Ka sa na zagi ɗan mutane a banza, Alhaji." Kamar ba da bakinta ta yi zagin ba.

Ran Juma'a aka kira Nafiou. Alhaji ya yi ta kame-kame, can ya yi ƙasa da murya.

"Saƙonnin nan fa… suna wurinka?"

"Ina gama saurare nake gogewa, Baba. Amana ce."

Ashe duk ramar da Alhaji ya yi, tsoron abin da babu shi yake yi. Ya auna yaron da mudun kansa ne, don da shi ne aka ci wa mutunci haka, da tuni duniya ta ji.

Ba a rufa wata biyu ba aka ɗaura aure. Rahina ta nemi gafarar angonta kan kashe masa waya, ya yi dariya ya ce ai shi ma ya sha jinin jikinsa.

To, 'yan'uwa, mai raina sana'ar wani ya fara duba abin da yake ɓoyewa a motarsa. Mai haƙuri kuma, wanda ya rufa asirin wanda ya tozarta shi, Allah ba ya barin sa ya taɓe.

Lahadin da ta biyo baya, a tsakiyar falo aka kunna rediyo, Rahina na zaune kusa da Abbanta.

"Waƙa ta gaba," in ji Nafiou, "daga surukina ce, ya kuma ce in faɗi sunansa: Alhaji Tamimu, ɗan Saje Gali."

Alhaji ya share ido da gefen jallabiya. "Rahina, ƙaro murya."