Wanda Ya Tura Keken Babanku

Babba, Maijidda, ku da ƙannenku, ku matso ku zauna, ku kashe wayoyin nan da kuka koyi riƙewa bana. Na kira ku ne kan abin da ya faru a gidan nan da damina. Unguwa duka ta sani, ku kaɗai ake ɓoye wa saboda kunya. Zan faɗe shi yadda yake, in na gama sai ku yi magana.

Kun san keken babanku, ya girmi wasunku. Da shi yake zuwa gonarsa ta hanyar Dabai, da shi yake dawowa. Ko da ɗan'uwanku Kamalu ya sayi bas ya fara jigila a wannan hanyar, har ana maganar ba shi shugabancin direbobin tasha, Malam Yero bai yarda ya jingine keken ba.

Wata rana aka yi ruwa da la'asar. Har aka kira magariba Malam bai dawo ba. Sai da duhu ya fara rufe bakin zaure muka ji ƙarar taya a kan laka. Ya shigo yana turawa, sarƙa ta tsinke tana reto, buhun masara ɗaure a baya, rigarsa kuwa jage-jage da taɓo har ƙirji. Hamdiyya 'yar Kamalu ta ruga ta kama keken ta baya don ta taya kakanta haye dokin ƙofa. Sai ta janye hannu ta dube shi.

"Kaka, ƙarfen nan da ɗumi. Kamar yanzu wani ya sake shi."

Na tambayi Malam taɓon nan fa, ya ce santsi ne. Ya yi alwala, ya yi sallah, ya ƙi cin tuwo.

Kashegari da almuru, muna zaune a tsakar gida, keken yana jingine a gindin rumbu babu kowa kusa da shi, ƙararrawarsa ta kaɗa. Sau ɗaya, a hankali, irin ta mai neman hanya. Kaji suka yi tsit. Sa'adatu matar Kamalu ta tsaya da ludayi a hannu. Muna kallo tayar baya ta ɗaga kaɗan daga ƙasa, ta juya, ta juya, sannan ta sauka.

Daga ranar, kowace magariba sai tsakuwa ta zubo. Ba dutsen dawa ba, tsakuwar titi ce, baƙa, da kwalta a jikinta, kuma a kan kwanon ɗakin Kamalu kaɗai take sauka. Maƙwabcinmu Haggai, tsohon soja ne da ba ya tsoron komai, ya hau katanga da tocila don ya kama yaran da ke jifa. Ya sauko jikinsa a sanyaye.

"Mama, babu yaro a wajen nan. Daga sama take faɗowa, a miƙe."

Sannan abin ya koma kan yarinyar. Da rana lafiya lau take, ta je makaranta ta dawo. Rana na faɗuwa sai ta miƙe, ta sunkuya, ta miƙa hannu biyu gaba kamar mai tura kaya a hawa, ta shiga zagaye tsakar gida. Tana nishi irin na tsofaffi. Ba ta jin kira, ba ta ganin mutum. Ubanta ya taɓa riƙe ta, ta watsar da shi gefe kamar zani. Haka za ta yi ta zagaye har isha, tafin ƙafarta ya tsage, sawunta na jini ya zana da'ira a ƙasa. Da safe ta ce ba ta san komai ba, ƙafa kawai ke mata zafi.

Aka kai ta asibiti, suka ɗaure ƙafar, suka ce ba su ga wata cuta ba. Sai Haggai ya hau kabu-kabu da kansa ya ɗauko wani malami daga Kanya, dattijo mai ƙaramar murya, wanda aka san shi da ruƙiyya.

Ya iso kafin magariba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar da'irar nan, ya zauna ya jira. Maƙwabta sun cika zaure, har da direbobi biyu abokan Kamalu da suka zo jaje. Ƙararrawa ta kaɗa, Hamdiyya ta miƙe ta sunkuya. Malamin ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Ta zagaya shi, ta sake zagayawa, tafiyar na yin nauyi, har ta durƙusa a gabansa. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba ta yarinya ba ce, busasshiya ce, mai kaushi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ta ɗora hannu inda nawa yake, na shiga. A kwalbatin hanyar Dabai muke zaune, ni da iyalina. Tun kafin a zuba kwalta Yero ke wucewa ta wurin. Bai taɓa wucewa a guje ba. Sai ya sauka, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi sallama, mu janye 'ya'yanmu. Masu mota ba sa yi. Shi kaɗai."

Babanku yana zaune a ƙofar ɗakinsa, kansa a ƙasa.

"To me ya kawo ka gidansa da jifa?"

"Ranar ruwan nan sarƙarsa ta tsinke a gabanmu. Gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa. Ya tsaya a bakin hanya, sai ga bas tafe da sauran wuri a baya. Ya gane ta, ya ɗaga hannu. Manyan tasha ne a gaba, sun dawo daga bikin suna. Ɗaya ya ce, ku dubi tsohon nan da akwalar kekensa. Direban ya yi dariya ya ce irinsu ne ke tare mana hanya. Ya danna hon, ya bi ta cikin ruwa ya watsa masa taɓo. Ya kalle shi ta madubi har ya sha kwana. Ni na tura keken nan zuwa ƙofar gidan nan. Ku tambayi direban ko ya san tsohon."

Babu wanda ya tambaya. Direbobin nan biyu suka sulale suka fita, ko takalmi ɗayansu bai tsaya sawa daidai ba. Kamalu yana tsaye jikin bango, sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Ni da na haife shi, na rasa inda zan sa idona.

"Me kake so ka fita?" in ji malamin.

"Ƙafafun direban. Ba ya amfani da su."

"Ba za ka samu ba. Kai ma zalunci kake yi, ka bar mai laifi ka kama marar laifi. Dubi ƙafarta."

Muryar ta dawo a sanyaye.

"To ya biya ni tafiyata. Ya ɗaura buhu a keken nan, ya turo shi daga kwalbati zuwa gida, da rana, ranar kasuwa, ya bi ta gaban tasha. Ba takalmi."

"Da takalminsa," in ji malamin.

"Da takalminsa. Kafin a yanke dawa."

Kamalu ya ce ya yarda. Malamin ya ci gaba da karatu, yarinyar ta yi atishawa, ta kife a kan tabarma, ta farka tana neman ruwa. Da zai tafi, ya tsaya a zaure ya ce wa Kamalu, "Ni ban ce ka bi umarnin aljani ba, da ikon Allah ya fita. Amma in abin da ya faɗa gaskiya ne, wannan ba aikina ba ne, tsakaninka da mahaifinka ne."

To ga inda muka tsaya. Kamalu ya shirya zai tura keken, har ya sayo sabuwar sarƙa. Babanku ne ya hana. Ya shigar da keken ɗakinsa ya sa kwaɗo. Ya ce shi bai ga wata bas ba ranar nan, santsi ne ya kayar da shi, kuma ba za a yi wa ɗansa dariya a gaban tasha yana raye ba. Na ce masa ƙarya yake yi, ya ce in bar shi. Kamalu kuwa tun ranar bai haɗa ido da shi ba. Yana fita kafin uban ya dawo daga masallaci, yana gaishe shi daga bayan labule. Gida ɗaya, an koma kamar baƙi.

Ƙafar Hamdiyya ba ta gama warkewa ba, dawa kuma ta fara ja a gona. Jiya da magariba, daga cikin ɗakin nan mai kwaɗo, na ji ƙararrawa sau ɗaya. Sa'adatu ma ta ji.

Ni babanku ba ya jin maganata, ku yana jin nauyinku. Ku tashi ku shiga wurinsa, ku kira Kamalu ya zauna a gabansa ba labule. Ko ya faɗa da bakinsa abin da ya yi uban ya yafe, ko a ba shi mabuɗi ya tura. Ku raba wannan magana yau, kafin rana ta faɗi.