Shaidar Auta a Kan Yayanta

Auta na zuba wa mijinta Dogo shayin safe a ɗan ɗakinsu da ke saman shago, sai aka banko ƙofa da ƙafa, ba sallama ba gaisuwa. Yayanta ne. Kafin ta ce sannu da zuwa ya kai wa tebur hauri, kofuna suka tarwatse, ruwan zafi ya kwarare wa Dogo a ƙafa. Dogo ya dubi ƙafar, ya ɗago ya ce masa ina kwana.

Yaya ne ya kawo su ƙasar nan, wannan ba mai musu. Amma tun da suka sauka daga jirgi bai ƙara tambayar inda suke kwana ba. Dogo ya yi wankin kwanuka a gidan abinci har fatar hannunsa ta saɓule, Auta ta yi goge-goge a ofisoshin mutanen da ko yarensu ba ta ji. Da wannan wahalar suka haɗa injinan wanki da injin guga mai tururi, suka buɗe shagon wanki da guga. A lokacin ba su da takardar zama, shi ya sa aka sa sunan Yaya a lasisi. Da takarda ta fito, shago ya kafu, kwastomomi har layi, sai suka roƙe shi a mayar da sunansu. Shi ke nan fa, suka zama butulai. Ya ce shago nasa ne, har ya samu mai saye.

Da biyu Yaya yake wannan haukan. A gida kowa ya san Dogo ba ya barin ta kwana, wanda ya taka shi sai an taru an raba. Dokar ƙasar nan kuwa ba ta wasa: baƙon da ya daki mutum, a ƙwace takardarsa a sa shi a jirgi. Mari ɗaya Yaya yake nema, ya huta da mijin ƙanwarsa ya ci shago. Abin da bai sani ba shi ne zaman baƙunta ya yi wa Dogo abin da dangi suka kasa. Akwai wani ɗan masallaci a ƙarƙashin wani bene, inda wani dattijo ke karatu bayan la'asar, can Dogo ya maƙale. Wata rana ya dawo ya ce wa Auta, duk shekarun da yake ganin kansa jarumi, ashe zuciyarsa ce ke jan sa da igiya kamar akuya.

Suka sauko shago don gudun fitina, fitina ta biyo su. Yaya ya zagi iyayen Dogo tas, ya fizgo gogaggun kayan mutane ya tattake su, ya tofa musu yawu. Dogo dai na tsaye gaban injin guga, irin mai murfin ƙarfen nan da ke saukowa da zarar an taka matakinsa. Auta ce ta kasa daurewa, ta ce wa Yaya ya ji tsoron Allah. Ya juyo ya ɗauke ta da mari, ta bugu da injin wanki, leɓenta ya fashe.

Hannun Dogo ya kai kan dutsen guga. Auta ta hango tsohon Dogon nan a idonsa, ta ce a ranta mun shiga uku. Sai ta ga ya ajiye dutsen a hankali, ya shimfiɗa tafukansa a kan allon injin kamar yadda yake lallaɓa riga, yana danne su da ƙarfi don kar su ci amanarsa, leɓensa na motsi da a'uzubillahi. Kowane mai guga ya san ba a barin hannu a wurin nan in akwai wani kusa da mataki. Dogo ya manta, Yaya kuwa ya gani. Ya sa ƙafa ya taka.

Murfi ya sauko, tururi ya yi huci. Dogo ya zare hagu, dama ta maƙale. Ƙarar da ya yi, har gobe tana kunnen Auta. Yaya bai ɗaga ƙafa ba. Ita kanta ba ta san lokacin da ta rarumi sandar ƙarfen da suke sauko da kaya da ita ba, ta rafka wa ɗan'uwanta a ka. Ya zube, jini ya rufe masa fuska, murfi ya ɗaga. Fatar hannun Dogo ta zauna a jikin ƙyallen injin.

A asibiti aka gaya mata 'yar sanda na jiran bayaninta, don ita kaɗai ce shaida. Yaya ya riga ya ba da nasa: wai Dogo ne ya fasa masa kai, garin kokawa kuma ya faɗa wa inji da kansa. Tana zaune a benci da jini a mayafi, sai ga wayar Umma, mahaifiyarsu, daga gida. Umma ba ta tambayi hannun kowa ba. Ta ce Auta ta bi bayanin yayanta, yana da mata da 'ya'ya, kuma shi ke riƙe da gidansu.

"Miji ana sakewa, Auta, ɗan'uwa ba a sakewa. In kika ɗaure mini ɗa, ba ni ba ke."

Ta shiga wurin Dogo tana kuka kamar ranta zai fita. Yana kwance, an naɗe hannun kamar matashi. Da ya ji labarin wayar, sai ya ce ta yi yadda Umma ta ce. In ta faɗi gaskiya dole ta faɗi wanda ya ɗaga sanda, shi kuwa gara a kore shi da a kore ta, balle ta ɗauki fushin uwa.

"Ki ce ni ne. Kowa zai yarda, an san halina."

Maganar nan ta fi marin Yaya zafi. Ta share ido ta ce, "Halin da ka ba da hannunka don ka rabu da shi? Shi zan ɗauko in sake yafa maka da bakina? Wallahi ba zan tsaya gaban Allah da wannan ba."

Ta fita, ta zauna gaban 'yar sandan, ta fara da nata laifin kafin na kowa.

An sha kotu, an sha lauya. A ƙarshe alƙali ya ce ceton rai ta yi, aka sallame ta, aka ɗaure Yaya, lasisi ya dawo sunansu. Dangi suka yi mata ca, sannan suka yi mata shiru, shirun ya fi ciwo. Yatsun Dogo ba su ƙara lanƙwasuwa ba, don haka ita ta koma kan inji, shi yana karɓar kaya da hagu yana zolayarta wai kwalar rigar da ta goge ba ta miƙe ba. Duk sallah sai ta roƙa wa Umma lafiya, duk mako sai ta kira, ba a ɗauka. Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga shaidar zur ba, kuma haƙuri na gaskiya yakan ci wa mutum wani abu kafin ya biya shi.

Wata safiya tana tsakiyar guga wayarta ta yi ƙara. Umma ce. Auta ta gaishe ta, Umma ta amsa a taƙaice, ta ce a ba ta mijin. Dogo ya karɓa da hagu. Auta ta matso ta kasa kunne.

"Ɗana," in ji Umma, "yaya hannun?"