Goɗiyar Baba da Hanyar Litinin

"Minti arba'in fa ka ce, Baban Gimbiya."

"Minti arba'in ne, Auta. Da agogona na auna."

"Wace rana?"

Ya kama shafa sitiyari kamar a nan amsar take.

"Lahadi..."

Auta ta dubi mijinta, ta dubi layin motocin da ya ƙi motsi. Yau Litinin. Awa ɗaya da rabi ke nan da barinsu gidan da suke son kamawa a bayan gari, har yanzu ko rufin makarantar da yake koyarwa ba su hango ba. Malamin lissafi guda, amma ya auna hanya ranar da kowa ke kwance a gida. So hana ganin laifi, har laifin titi.

Duk saboda goɗiyar Baba ne. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifinta, ba mai kula da ita. Yayyen Auta maza ko dusa ba su iya jiƙawa ba, ita ce ta tashi a barga, tana sharce gumin doki tun tsawonta bai kai turke ba. Baba ya damƙa mata igiya, ya ce, "Ke kaɗai take saurare." To amma gidansu na yanzu a saman bene yake, minti biyar zuwa makaranta, ko akuya ba ta da wurin kwana. Wancan kuwa ga fili, ga rijiya, ga inuwa.

"Zan riƙa fita ƙarfe biyar," in ji shi.

"Ka dawo yaushe?"

"Bayan magariba... wani lokacin isha."

"Gimbiya ta yi barci."

"Ai akwai Asabar da Lahadi. Farin cikina, in dai za ki riƙa dariyar da kike yi kusa da dabbar nan, hanya ba komai ba ce."

Da gaske yake, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Mutumin nan zai ƙare a titi, ba zai taɓa cewa ya gaji ba. Shi ke yi wa 'yarsu wanka kullum da yamma, yana rera mata ɗaya-biyu-uku da muryarsa mara daɗi. Tausayinsa ya kama ta.

Da la'asar ta je wajen Baba. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ta zayyana masa komai, tana kunyar haɗa ido da shi.

Ya daɗe yana kallon barga ta taga.

"Auta, doki bai san mai takardarsa ba. Wanda yake gani safe da yamma ya sani."

"Shi ya sa nake so in..."

"Tsaya tukuna. Yaro ma haka yake. Yayyenki da kike ganin ba su damu da ni ba, ba laifinsu ba ne. Suna tashi na fita wajen dawaki, suna barci na dawo. Ke kika biyo ni barga, shi ya sa kika same ni." Ya share ido da bakin riga. "Kada ki sa jikata ta yi ta neman ubanta a hanya."

Aka fasa kama gidan bayan gari, aka shirya bayar da goɗiyar ga wani tsohon abokin Baba mai gona da dawakai uku, tafiyar yini guda.

Ranar da babbar mota ta zo, ƙarti huɗu suka yi ta ja, goɗiya ta kafe kofato, ta ƙi hawa katakon shiga motar. Direba ya nemo bulala.

"Ajiye," in ji Auta.

Ta karɓi igiya, ta shafa wuyanta, ta yi mata ɗan fiton da ta saba yi in za ta ba ta ciyawa. Ta taka katakon a hankali, ba ta ko ja ba. Goɗiyar ta saukar da kai, ta bi ta har ciki, don ba ta taɓa kai ta inda za ta cutu ba.

Auta ta ɗaure ta, ta sulale ta ƙaramar ƙofar gefe. Aka rufe. Sai haniniya ta tashi daga ciki.

Mijinta ya riƙo hannunta, idonsa ya yi ja.

"A sauke ta, Auta. Wallahi zan iya hanyar nan."

"Na san za ka iya, abin ƙaunata. Ni ce ba zan iya kallonka kana yi ba."

Ta kifa kai a ƙirjinsa, ta yi kuka mai isarta. Bai hana ta ba, ya sa tafukansa ya rufe mata kunnuwa har motar ta yi nisa.