Ƙullin Ƙasar da Ya Ƙi Bushewa

Rana ta faɗi, amma jan da ta bari bai gama mutuwa a kan katangun Tawa ba, sa'ad da dutsen farko ya faɗo tsakar gidan Arzika. Matarsa Safi tana tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwon jar dawar nan ta taimako da sojoji ke rabawa, wadda duk iya tuƙinka sai ta tsaya maka a wuya. Ba ta ɗaga kai ba. Na biyu ya faɗi kusa da turmi. Na uku ya bugi gefen randa, ya gangaro a hankali har gaban ƙafarta.

Da a wata shekara ce, da ta leƙa waje ta zagi yaran unguwa har kakanninsu. Amma a shekarar tamanin da huɗu yaran Tawa ba su da ƙarfin jifa. Ta sa hannu ta ɗauki dutsen. Baƙi ne, sumul, kuma jiƙe yake sharkaf. Ta daɗe tana dubansa, domin damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ko gindin gero ba. Ta taɓa yatsanta da harshe, ta ji gishiri.

"Habi," ta kira ɗiyarta, murya ƙasa ƙasa. "Taho nan."

Habi tana durƙushe gaban randa, ta ajiye moɗa gefe, ta cusa kanta ciki tana sha kamar akuya.

Arzika mutumin Takanamat ne. Farin da aka yi shekara goma baya ya cinye masa shanu, ya cinye masa 'ya'ya maza biyu, ya koro shi Tawa da uwarsa Hajaratu, da Safi, da Habi a goye. Tun daga nan kowace kaka yake tafiya cin rani Abijan, yana yawo da kayan koli a ka. Bana tun yana can labari ya iske shi cewa ko abin shuka babu a gida, sai ya rantse ba zai sake haƙa wa ɗansa kabari a ƙasar Adar ba. Duka za su tafi. Abin da ya rage kawai shi ne inda za su sauka a Abijan.

A tasha kowane ɗan cin rani malami ne kan wannan magana. Wani ya ce Ajame, kusa da kasuwa, amma ɗakunan kamar akurki. Wani ya ce Abobo, da sauƙin haya, amma nesa take, bisa tudu, ruwa ma sai an saya. Shi Arzika zuciyarsa tana wata sabuwar unguwa da baƙi suka fara kafawa tsakanin tafki da teku, wadda suke kira Bakin Ruwa. A can in ka tona rami kamu ɗaya, ruwa ya taso. Mutanen garin ba sa gini a wurin, shi kuwa bai tambayi dalili ba. Mutumin da fari ya kora sau biyu, in ya ga ruwa a gindin ƙafarsa, ba ya tsayawa tambaya.

Amma a gidansu akwai al'ada. Ba a saran sabuwar gona, ba a kafa gida, sai an ɗebo ƙasar wurin an kawo wa babbar mace ta shinshina. Don haka ya taho da ƙulli uku a tsumma. Ranar da ya iso ya kwance su gaban Hajaratu a kan tabarma. Ta Ajame ta ture, ta ce warin mutane take. Ta Abobo ta murza ta ce ja ce busassa, irinta muka gudo. Da ta kwance na ukun sai gidan ya cika da ƙamshin ruwan farko. Ƙasar baƙa ce, kuma duk tsawon hanyar nan a bayan babbar mota ba ta bushe ba. Tsohuwa ta kai ta hanci, hawaye suka zubo mata.

"Wagga ta," in ji ta. "Nan za mu."

Habi, mai shekara goma sha ɗaya, tana manne da gefen kakarta. Da aka tashi, Hajaratu ta ga baƙi baƙi a leɓen yarinyar, ta goge mata da bakin zane tana dariya, ta ce kwaɗayi ya kai ga ƙasa. Kwana uku bayan nan ne duwatsu suka fara.

Ba su ƙara fashi ba. Da zarar ladan ya kira magariba sai su fara faɗowa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Daga cikin rumbun da babu ko ƙwaya a ciki ake jin motsin ruwa, yana zuwa yana komawa, kamar ana girgiza babbar ƙwarya. Tabarmi suka riƙa wayar gari da laima. Gishiri ya fito fari fat a gindin bangon ɗakin Habi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya su shi ne shan ruwan. Habi ta shanye randa, ta shanye tulun alwala, ta lashe gindin tukunya. Safi ta wuni a bakin famfo tana jiran layi, ta kawo bokiti, kafin ta sauke gammo an shanye. Kuma ruwan ba ya zama a jikin yarinyar. Leɓenta ya tsattsage, idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Tuwo kuwa ko kallonsa ba ta yi. An kai ta asibiti, aka ba ta ƙwayoyi, ta haɗiye su don ruwan da ke biye da su. Maƙwabta suka ba da ruwa kwana biyu, a na uku suka fara rufe ƙofa, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Arzika ya rasa inda zai sa kansa. Ita kaɗai ta rage masa, ga ta tana bushewa a gabansa da ciki cike da ruwa.

"Mu ɗauke ta mu tahi gobe," ya ce wa uwarsa. "Can ruwa na nan har shi ishe ta."

"Ba ta kai ko Ƙwanni da rai," in ji Hajaratu. "Tahi Affala ka zo da Malam Almustafa. In ya ƙiya, ka kama ƙahwatai."

Malam Almustafa dogon Buzu ne, tsoho, mai rawani da ya koɗe. Fari bai bar shi ba shi ma, raƙumansa sun ƙare, sai littattafai. Ya iso da la'asar sakaliya. Bai nemi komai ba sai garwashi da tabarma. Ya dubi tarin duwatsun da Safi ta tara bayan ɗaki, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce a kawo masa duk abin da ya shigo gidan daga nesa. Arzika ya kawo ƙullin nan uku. Biyu sun bushe ƙamas. Na ukun yana ɗiga.

"Da ka ɗebi wagga, ka yi sallama?"

Arzika ya sunkuyar da kai. "Da almuru na, Malam. Ina sauri mota za ta tashi."

Aka yi magariba. Aka kwantar da Habi a tabarma, kanta bisa cinyar uwarta. Malam ya zuba turaren hano a garwashi, hayaƙi ya tashi, ya fara karatu da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Dutse ya faɗo, wani ya biyo. Motsin ruwan rumbu ya yi ƙarfi har ƙasa ta ɗauka. Sai komai ya tsaya cik, ko kukan jaki babu a unguwar.

Habi ta tashi zaune. Ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ƙishirwa."

"Wa ke magana?" in ji Malam.

"Mai gidan da anka ɓanɓaro. Ina kwance bakin ƙofata, wani ya sa hannu ya kwashe ni da ƙasa, ya ƙulle. Na farka cikin wuta." Idanun yarinyar suka zagaya katanga, da busasshen rumbu, da sararin da babu gajimare. "Ƙaƙa kuke rayuwa nan? Wane laihi kunka yi?"

Safi tana kuka ba sauti.

"Ba da gangan ya yi ba," in ji Malam. "Jahilci na, da yunwa. Ki ji tsoron Allah ki saki ɗiyar mutane. Hannun da ya ɗebo, shi za ya mai da ƙasarki inda take."

"Duka?"

"Duka."

"Ƙarya. Ku tambayi tsohuwa abin da ta goge ga bakin yarinya."

Hajaratu ta dafe ƙirji. Ta tuna, kuma tun daga ranar ba ta sake dariya irin waccan ba.

"Saura na cikinta," in ji muryar. "Ya zama jini, ya zama ƙashi. Ku kawo min ita tare da ƙullin, in amshi abuna gaba ɗaya."

"Wannan ba ki samu," Malam ya ce, ya ƙara hano a wuta, ya koma karatu. Jikin Habi ya riƙa karkarwa, muryar tana nishi, tana cewa ya bari, ya bari, hayaƙin na ƙara mata ƙishi. Ya daɗe bai bari ba. Da ya tsaya, gumi ya jiƙa masa rawani.

"To, ji," muryar ta ce a gajiye. "Gida nike so. A mai da ni, in bar mata abin da ta ci. Amma kada ta zo inda zan ji ƙamshinta. Ran da iskar teku ta taɓa ta, ran nan zan amshi saurana."

A nan ne Arzika, wanda Malam ya ce ya yi shiru, ya kasa. Ya matso da gwiwa.

"Na bar Bakin Ruwa. Wallahi na bar ta. Mu zauna Ajame, cikin mutane."

"Ina jin Ajame."

"To Abobo. Nesa ta, bisa tudu ta, ko rijiya babu."

"Kwanon rufin Abobo, mi ke sa shi tsatsa?"

Arzika ya sani. Ya sha ganin yadda iskar gishiri ke cin kwano a can. Ya ambaci wata unguwa, ya ambaci wata, har da waɗanda bai taɓa kwana cikinsu ba, yana jera su kamar mai talla, muryar tana cewa a'a, a'a. Ya koma Lome, ya koma Kwatano, ya koma Ikko. Duk inda ɗan Adar ke zuwa neman abinci, teku na nan kwance a gefensa.

"Nan babu hatsi," ya ce. "In ta zauna nan, mi za ta ci?"

"Wannan tsakaninku da ƙasarku," in ji muryar. "Ni ban san yunwa ba sai ga gidanka."

Malam ya dube shi. "Arzika, ɗiyarka ta. Kai za ka amsa."

Ya dubi wuyan Habi, inda jijiya ke bugawa a hankali kamar za ta tsaya. Duk shirin da ya yi, don kada ya rabu da ita ya yi shi. Ya ce ya yarda. Malam ya sa muryar ta rantse da Wanda ya halicci ruwa da wuta, ta rantse. Habi ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Rumbu ya yi shiru.

Can ta buɗe ido, da muryarta ta yara ta ce, "Inna, yunwa nike ji."

Safi ta tashi da gudu ta kankaro ɗan tuwon da ya rage a tukunya. A shekarar nan babu uwar da ta yi murna da jin wannan kalma sai ita.

Bayan kwana biyu Arzika ya ɗaure kayansa. Hajaratu ta ce ƙafarta ba ta zuwa ko'ina, ita ta zaɓi ƙasar, ita za ta zauna da abin da zaɓin ya jawo. Safi kuwa ba a ma tambaye ta ba, uwa ba ta barin ɗiya a kan tabarmar jinya. Za su jira abin da zai aiko, da abin da sojoji za su raba. Ba wanda ya gaya wa Habi abin da aka yi da bakinta, don ba ta tuna komai.

Ta matsa sai ta raka shi tasha, tana tafe tana hutawa, riƙe da hannun uwarta. Babbar motar ta cika da maza, kowa da buhunsa. Arzika ya tsuguna gabanta. Ƙullin yana aljihun rigarsa, laima ta fara fitowa ta yi taswira a ƙirjinsa.

"Baba, in ka gina ɗakin, ka sa nawa ya dubi ruwa," in ji Habi. "Yaushe za ka zo ka ɗauke mu?"

Ya gyara mata ɗankwali, ya daɗe yana gyarawa, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Na sake shawara," ya ce. "Na duba unguwannin duka. Taki ta hi su."

Habi ta waiga ta dubi hanyar da suka biyo, da busassun itatuwa, da matan da ke zaune jikin bango da ƙoƙuna a gabansu. Ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake.

Yaron mota ya buga ƙarfe. Arzika ya hau, ya sami wuri can tsakiya inda ba a ganin waje, ya zauna ya dafe aljihunsa da hannu biyu.