Ɗaki Ɗaya, Fayil Huɗu

Ranar Litinin da safe wakilin gidauniya ya jera hotuna uku a kan teburin shugabar makaranta, ya ce ta duba da kyau. Ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Iyali uku ne, kowanne da fayil ɗinsa da adireshinsa, amma a ɗaki ɗaya aka ɗauke su duka. Kafin ƙarfe goma an kira 'yan sanda.

Makarantar ta kuɗi ce, irin wadda ake shayar da ciyawarta safe da yamma alhali unguwar da ke bayanta tana layin ruwa. Duk shekara gidauniyar wani attajiri tana ɗaukar nauyin 'ya'yan talakawa uku har su gama sakandare. A allon bakin ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai tallafi ga mabuƙata, don mai wucewa ya sa wa makarantar albarka. Bana yara arba'in suka nema, uku suka samu, kuma ukun ne a kan teburin.

Sufeton da aka turo mace ce, gajeruwa, ba ta son doguwar gaisuwa. Ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya. A kowanne akwai katifa a ƙasa, da iyaye cikin tsofaffin kaya sun sunkuyar da kai. Ita ba mutanen ta tsaya kallo ba. Ta dubi tabon yoyo a silin, da tagar da ƙarfenta ɗaya ya lanƙwashe, da igiyoyi huɗu da aka ɗaure daga bango zuwa bango, da wani tebur a gefe wanda dutsen guga ya ƙona samansa.

"Wannan ya ce ɗan dako ne, wannan mai gadi, wannan ba shi da aiki," in ji ta. "Amma ɗakin na mai wanki da guga ne. Kuma ɗan dakon nan naku farcensa ya fi nawa tsafta. Hajiya, yaya kuke zaɓen yaran?"

Shugabar ta yi bayani. Da farko jarrabawa. Daga nan a ziyarci gidan kowane yaro a ɗauki hoto, kuma malamai uku aka ware wa wannan aikin. A ƙarshe kwamitin mutum biyar ya zauna, ba ya ganin suna, sai lambar fayil da maki da hoto.

"Don adalci," ta ƙara da cewa.

Sufeto ta ce a kira mata malaman uku, kowa shi kaɗai.

Ta farko yarinya ce sabuwar ɗauka, tun kafin a tambaye ta idonta ya ciko.

"Yaya kika gane gidan?"

"Ranki ya daɗe, lungunan nan ba lamba. Uban yaron ne ya tare ni a bakin titi, na bi shi a ƙafa."

"Ta ina kuka shiga?"

"Ta wajen kasuwa."

Na biyu ta bayan asibiti aka shigar da shi, na uku ta gefen gidan mai. Kowannensu gida goma sha uku ya ziyarta, kuma sau ɗaya tak ya taka wannan ɗakin. Da hannun ɗayansu a ciki, da ya kwashe fayil ukun ya huta, ba zai gayyato idon wasu biyu ba. Ta sallame su.

Direban makaranta ya shigo da littafinsa na fita a hannu da fushinsa a fuska.

"Ni a bakin titi nake tsayawa. Lungun da akuya sai ta karkace kafin ta wuce, can zan kai motar mutane? Ga ranaku, ga inda na ajiye kowa."

Wurare uku ne daban, nesa da juna, daidai da abin da malaman suka faɗa. Sakatariya kuma ta ce ita bugawa kawai take yi. Takardar rabon gidajen daga taron kwamiti take fitowa, ba ta san wanda ke tsara ta ba. Wato mutum biyar, kuma duk biyar ɗin masu babbar kujera.

"Kawo mini fayil ɗin waɗanda ba su samu ba," in ji Sufeto.

Sakatariyar ta yi mamaki, don tunda take wurin ba wanda ya taɓa neman waɗannan. Ta jido su daga ƙasan kabad, talatin da bakwai. Sufeto ta bi su a hankali har ta kai lamba ashirin da biyu. Yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu, ita ta fi kowa maki, da tazara mai yawa. Hoton gidansu kuwa kujerun kushin ne, da kafet, da labule mai fure, da talabijin. An rubuta a ƙasa da jan biro: ba mabuƙata ba ne. Sufeto ta kai hoton jikin taga don ta samu haske. Labule ya rufe tagar ɗakin, an kwance igiyoyin, amma ba wanda ya tuna da silin. Tabon yoyon yana nan inda yake. Ta dubi sa hannun wanda ya kai ziyarar, ta rufe fayil ɗin.

Adireshin wannan fayil ɗin na gaskiya ne. Ta tarar da mai wankin a ƙofar ɗakinsa yana matse wando, hannunsa duk sabulu ya cinye. A ciki babu kushin babu kafet, sai katifa da igiyoyi da teburin nan. Wata yarinya ta gaishe ta a ladabce ta koma ciki.

"Malam, ina kujerun?"

Ya sunkuyar da kai. "Na maƙwabcina ne. Talabijin ɗin ma ba ta aiki, don kyau aka ɗora ta."

"Ka san hoton nan ne ya hana 'yarka?"

Ya dubi wandon da ke hannunsa, ruwa na ɗiga a kan ƙafarsa.

"Ranki ya daɗe, an ce mini in gyara ɗaki, makarantar manya ce, ba sa son ƙazanta. Ni ma na ga gaskiyar maganar. Baƙo zai zo maka, sai ka baje masa tsiraicinka? Kwana biyu muna share-share ni da Mamana." Haka yake kiran 'yar tasa.

"Wa ya ce ka gyara?"

"Wani mai yi mini alheri."

"Shi ne ya ari ɗakin sau uku?"

"Cewa ya yi masu ba da taimako ke son hoton yadda talaka ke zaune, mu fita da safe mu dawo da azahar, kada mu taɓa komai. Ya ce in na yi haka maganar Mamana a hannunsa take."

"Sunansa."

"Shekara tara ina wanke masa kaya. Jiya ma ya ce in kwantar da hankalina, akwai gyara, za a sake duba takardarta. In na faɗi sunansa, wa zai duba?"

Abin da ya fi ƙona wa Sufeto rai shi ne har yanzu mutumin nan yana jira. An yi masa fashi a cikin ɗakinsa, shi ya share wa ɓarayin wuri, kuma yana tsaye yana kare babbansu. Ba ta matsa masa ba, don ba ta buƙatar sunan daga bakinsa.

Da la'asar ta tara kwamitin a ofishin shugaba, wakilin gidauniya na zaune a gefe. Ta juya wajen mataimakin shugaba, wani dogo mai ƙamshin turare, rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido.

"Yallaɓai, gida nawa ka ziyarta bana?"

"Ziyara ba aikina ba ce. Ɗaya dai na je, don in rage wa malamai wahala."

"Bara fa?"

"Ban je ba."

"Shekarun baya?"

Ya gyara zama. "Ban gane inda kika dosa ba."

"Yanzu za ka gane. Malaman ziyara uku ne. An ari ɗakin talaka, an sa iyali uku masu hali a ciki, an raba su malami ɗaya iyali ɗaya, don kada wani ya ga ɗakin sau biyu. Lissafin ya tafi daidai, sai ga mai ɗakin shi ma ya nema wa 'yarsa, kuma ta doke kowa a jarrabawa. Dole a ziyarci gidansu. Wa za a tura? Malaman sun ƙare, kowannensu ya san ɗakin, duk wanda ya shiga zai gane. Mutum ɗaya ne zai iya zuwa ba tare da asiri ya tonu ba, shi ne wanda ya shirya abin. A fayil arba'in, sa hannunka a ɗaya kawai yake."

"Abin da na gani na rubuta. Kujeru na gani."

"Ka gan su, tunda kai ka ce a aro su. Da ya bar ɗakin yadda yake, kwamiti zai ga hoto na huɗu irin ukun farko, kuma da makinta babu mai hana ta. Ka san shi, ka san kunyarsa, da ita ka yi amfani. Wa ke yi maka wanki, yallaɓai?"

Amsar ta zo daga waje, don Sufeto ta riga ta sa an kawo iyayen uku, kuma ɗan dakon nan mai tsaftataccen farce ya iso a motarsa mai sanyi. Minti goma bai yi a gabanta ba ya faɗi komai, har da inda mataimakin ya ce su samo tsofaffin kayan da suka sa. Aka fita da mataimakin ta ƙofar baya, saboda shugaba ta roƙa kada ɗalibai su gani.

Sufeto ta tura fayil na ashirin da biyu gaban wakilin gidauniya.

"Ga wadda ta cancanta. Gurbi uku sun buɗe."

Wakilin bai ko taɓa fayil ɗin ba. Ya ce ya yi waya da mai gidauniya, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya janye tallafinsa daga makarantar gaba ɗaya. Sufeto ta juya ga shugaba. Shugaba ta ce ita ma zuciyarta ta karye, amma makaranta ba ta da wani asusu na kanta don irin wannan. Yaran uku kuwa za su ci gaba da karatu, iyayensu sun amince su biya cikakken kuɗi, ai bai kamata laifin manya ya shafi yara ba. Ta faɗi hakan ba tare da ta ji nauyin bakinta ba.

Washegari da hantsi Sufeto ta koma lungun. Labari ya riga ta isa. Maƙwabta sun taru suna yi wa mai wankin barka, an kama azzalumi, gaskiya ta fito. Ya taso da sauri yana goge hannu a jikin riga.

"Ranki ya daɗe, Allah ya saka. Na mayar da komai yadda yake, ko tsinke ban aro ba. Su zo yau ma su ɗauki hoto."

Ta ja shi gefe ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ta gama. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, ya dai daɗe yana kallon ƙofar ɗakin.

"Tun jiya take jera littattafanta," ya ce. "Ni na aro kujerun nan da hannuna, bakina ba zai iya ba. Ke kika iya bayani. Don Allah ki shiga ki gaya mata."

Sufeto ta sha shiga gidaje da mugun labari, amma ba irin na ranar ba. Ta yi sallama ta shiga. Yarinyar ta miƙe tsaye da sauri, fuskarta cike da fara'a.

"Anti, sannu da zuwa. Ranar Litinin zan fara, ko sai wata mai zuwa?"