Ƙauri a Gindin Tankin Kifi

Rif'at ya kwana biyu yana jin ƙaurin, irin na iska bayan tsawa, kuma ya san injin ozon mai tsabtace ruwan kifi ne ke yoyo. Bai ce uffan ba. Tankin na Madhat ne, mijin Nawal na fari da teku ta ci, kuma har yau kifayensa take fara gaisarwa da safe kafin ta dubi mijinta. In injin ya lalace suka mutu, ai ba da hannunsa ba. Sai dai Nawal ta fara tari.

Wani dare tarinta ya tashe shi. Ya fito falo, ya tarar da mutum durƙushe a gindin tankin, yana shafa kumfar sabulu a jikin tiyo.

"Kai wane ne? Wa ya buɗe maka?"

"Sassauta murya, maigida, tana barci." Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. "Ga ɓular nan, dubi kumfa. Duk girman hancin nan naka, ba ka ji ba?"

Ƙaurin ya shaƙe Rif'at har idonsa ya kawo ruwa, amma mutumin ko gyaran murya bai yi ba. Kifayen duk sun taru ta gefensa. Dardumar da ya durƙusa a kai ta jiƙe sharkaf, tana ƙarnin teku.

Daga ɗaki Nawal ta yi magana cikin barci, da taushin da Rif'at bai taɓa samu ba.

"Ka dawo?"

Rif'at ya buɗe baki, amma mutumin ya riga shi amsawa.