Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Sana'ata buga bulo ce a bakin hanyar Cadawa, kuma mai irin aikina yana sanin cikin magidanci fiye da limamin unguwarsu. Wanda ya zo ya sayi bulo kaɗan ya jera, ya ɓace, ya dawo bayan wata ya ƙara kaɗan, na san abin da ake ci a gidansa da abin da aka daina ci. Saboda haka in na ce na san Rabilu, ba labari aka ba ni ba. Gidan nan mai shuɗin ƙofa da kuke wucewa in za ku Gazawa, wanda ciyawa ta cinye zaurensa, da bulona aka gina shi. Har yau in na bi ta gefensa sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Rabilu ɗan kabu-kabu ne, da babur yake ɗaukar fasinja. A gidan mahaifinsa yake zaune, cikin ɗakin ƙasa guda ɗaya, shi da matarsa Sakina da yaransu uku: Lubna ce babba, sai Mujahid, sai ƙaraminsu Ayuba. In damina ta sauka, kwanonin cin tuwo ake jerawa a tari yoyo. Tun rasuwar tsohon, yayansa Ridwanu ne maigida, uwarsu Inna Habi kuma tana nata ɗakin a tsakiyar gida.

Ban taɓa ganin mata da miji da suka ɗaure ciki irin waɗannan ba. Da adashin Sakina da ragon da suka yi kiwo suka sayi fili bayan gari. Nama ya bar tukunyarsu sai da Salla. Rabilu ya daina zama wurin mai shayi. Sakina tana tuyar awara a ƙofar lakol, makarantar bokon yara, hayaƙi ya mayar mata da ido ja. Ran kasuwa kuwa sai ya tsaya wurina ya kwance bakin aljihu, in ɗora masa abin da kuɗin ya kai, ya kai filin ya jera kamar mai jera ƙwai.

Sai aka rufe iyaka, kaya suka haukace. Siminti ya tashi, ƙarfe ya tashi, man da yake zuba wa babur ya tashi. Tiyar gero ta kai inda magidanci ke tsayawa gaban mai awo yana shafa aljihu yana kallon gefe. Kuɗin da ke saya masa bulo goma ya koma ba ya kai shida. Waɗanda ya tara tun farko kuma ruwa ya dake su, awaki sun hau, sun soma zubar da kusurwa. Yana tarawa ta gaba, na baya suna lalacewa.

Wata rana a gabana Sakina ta ce masa, "Baban Lubna, mu yi na ƙasa mana. Ɗaki biyu, mu aza kwano, mu shiga. Wanga bulo mu yi katanga da shi."

Ya ce, "In bar ɗakin ƙasa in koma ɗakin ƙasa? To mi na yi ke nan? Sa'o'ina da suka shiga fataucin aya kin ga inda suke kwana?"

Ta ɗauki tallanta ta tafi. Da ya ji maganar matar nan, da yau jikokinsa yake jira.

Akwai gonar mahaifinsu a bakin kwalta, wadda masu kuɗi suka daɗe suna zawarci. Rabilu ya matsa a sayar a raba. Ridwanu ya ce, "Muddin ina numfashi ba a saida ta. Ita ke ci da gidan ga. In an cinye kuɗin, siminti za mu tuƙa?" Daga ranar gaisuwa ta yi ƙaranci tsakaninsu, Rabilu ya soma kallon yayansa a matsayin katangar da ta tare masa hanya.

Wani fasinja ne da ya ɗauka ya ba shi labarin Jaye, bokan da ke wani daji can bayan Gidan Rumji. Abin da ya faru a can daga bakin Rabilu na ji shi, domin yanzu babu wanda ba ya faɗa wa.

Da tsakar rana ya isa. Tsamiya ce tsohuwa, rabinta a bushe, ko tsuntsu ɗaya babu a kanta. A gindinta akwai ɗaki mai kauri wanda ba a rufa ba, rana tana dukan cikinsa. Suri ne ya tsiro a tsakiyar ɗakin ya kai ƙirjin mutum, jini ya bushe a jikinsa ya yi baƙi, gashin kaji ya manne. An kife ƙananan tukwane a kewaye da shi, kowace an ɗaure mata wuya da baƙin zare. Wurin yana warin ƙasar da aka tone sabuwa. Jaye na zaune a kan buzun baƙin bunsuru, siriri, ba ya gumi duk da zafin.

Bai amsa sallama ba. Ya ce, "Gida kake so."

"Gida nike so, da abin riƙe shi."

"Kowane gida da mai ɗauke da shi a ƙasa. Kana da wanda za ka ba mu?"

Rabilu ya ce, "In rago ne ko sa, ni nemo."

Jaye ya yi dariyar da ba ta da sauti. "Rago ba ya ɗaukar siminti. Jininka muke so. Ba ka kama kowa, ba ka yanka kowa. Ka san inda ake binne mabiyiya in an haihu?"

Kowa ya sani. Abin nan da ke biyo jariri, tsofaffin mata suke wankewa su binne a bayan ɗakin mai jego, ko da a likita aka haihu sai an kawo shi gida. Jaye ya miƙa masa baƙar ƙwarya ya ce ya ciko ta da ƙasar wurin, ya cuɗa da simintin farko na harsashi, ya yanka baƙin zakara a kai ba tare da ya ambaci sunan Allah ba.

Rabilu ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya ce, "Mutum guda ne hwa. Yayana."

"Ni ban tambaye ka suna ba."

"Ina son mu yi magana ta gaskiya. Shi kaɗai za a taɓa?"

"Abin da ka kawo cikin ƙwarya shi za a karɓa. Ba a ƙarawa, ba a ragewa, ba a maidawa."

Wawan ya ji wannan ya ɗauka alkawari ne aka yi masa.

Lokacin kaka ne, gida duk an tafi roron wake. Ya shiga da rana tsaka ya zagaya bayan ɗakin Inna Habi, ya tona, ya cika ƙwarya, ya mayar da ƙasa ya tattake. A lissafinsa, Ridwanu ne ɗan fari, saboda haka tasa ce a can ƙasa, sai ya zurfafa ramin don ya tabbata ya kai gare ta. Ya san ta kansa ma tana wurin, amma ya gaya wa kansa ai a gefe take, tunda ya taɓa jin tsohuwar ta nuna wajen turmi. Da irin wannan sanin na rabi da rabi ya yi cinikin rai.

Arziki kuwa ya zo, ba zan ɓoye ba. Wani baƙon ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi ya saya masa aya, mutumin bai sake dawowa ba, ayar kuma ta ninka kuɗinta. Ya sayi wake, wake ya tashi. Duk abin da ya sa wa hannu sai ya yi tsada a washegari. Kafin wata kakar ya ajiye babur, ya kama mangaza ta ajiyar kaya a kasuwa, manyan motoci suna lodi da sunansa. Ya zo wurina da mota ya ce in buga masa bulo na gida sukutum, bai nemi ragi ba. Mutumin da muke ja-in-ja da shi a kan bulo ɗaya da ya fashe. Na yi murna a lokacin, kamar kowa.

Shi kuma yana jira. Kullum da safe sai ya leƙa sashen yayansa ya gaishe shi, gaisuwar da ya daɗe bai yi ba, yana duba fuskarsa. Ridwanu kuwa ko mura. Yana noma, yana cin tuwonsa, har ƙiba ya yi.

Ranar da gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, Mujahid ya dawo daga lakol ya ce bakinsa ƙasa-ƙasa yake ji. Washegari aka same shi a bayan ɗakin kakarsa yana tono da farce yana cusawa a baki. Aka kai shi likita, aka auna, ba a ga komai ba. Ya bushe a tsaye kamar karan dawa. Kafin a gama filasta aka kai shi makwanci.

Rabilu ya yi kuka na gaske, amma bai tsayar da magina ba. Wannan ne abin da ban yafe masa ba. Ya ce wa kansa ajali ne, yara suna mutuwa kowace shekara. Ya sa aka kawo kwano.

Ranar da aka buga kwanon ƙarshe, Ayuba, wanda ko magana bai gama iyawa ba, ya sauka daga cinyar uwarsa ya nufi bayan ɗakin nan, ya durƙusa a daidai inda wansa ya durƙusa. Sakina ta ɗauke shi tana ihu, tana ƙwaƙule masa ƙasa daga baki. Bai kai sati ba.

Bayan an share makoki, Inna Habi ta aika a kira Rabilu. Ridwanu na zaune a bakin ƙofa. Tsohuwar ba ta kama sunan ɗanta na fari, Babba take ce masa.

Ta ce, "Tun bara na ga an taɓa ƙasar bayan ɗakina. Na ce ko kare ne. Yanzu ɗiya biyu sun tahi, dukansu nan suka durƙusa. Rabilu, dube ni. Kai ne?"

Ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya sallama. Ya faɗi komai, har sunan wanda ya nufa. Ya ce, "Inna, ta Yaya na ɗiba. Wallahi ta Yaya na nuhwa."

 Da tsohuwar ta buɗe baki, muryarta ba ta ko rawa.

"Babba ba nan aka haihe shi ba. Ɗan fari ne. Gidanmu na tahi goyon ciki, Gidan Sori, tashi tana can bayan ɗakin uwata. Kai kanka ba kai ka ɗauki Sakina bisa babur ka kai ta Gazawa haihuwar Lubna ba? Wace mace ka gani ta yi haihuwar fari ɗakin miji?"



Ta ce, "Ɗakinka ba shi da baya, jikin katangar maƙwabta yake. Da aka haihi Mujahid da Ayuba, ni da hannuna na binne nasu nan, bisa taka, don su kwanta kusa da ubansu. Mutum ukku ne cikin ramin nan. Biyu sun tahi."

Ridwanu ya tashi ya fita.

A ranar Rabilu ya koma wurin Jaye da kuɗi cike da jaka. Ya zube su gaban surin ya ce a karɓe dukiyar, a karɓe gidan. Jaye ya nuna masa tukwane uku sababbi a layin. Biyu a kife, ɗaya a jingine.

Ya ce, "Na hwaɗa maka ba a maidawa. Amma in kana iya raba ƙasarka da simintin, ka kawo mani cikin ƙwaryata, sai mu yi magana."

Ko kwana ɗaya ba a yi a sabon gidan nan ba. Da ya dawo, guduma ya ɗauka ya shiga fasa harsashi. Da farko mutane sun ɗauka baƙin ciki ne, sai da aka ga yana daka gutsattsarin siminti a turmi yana tankaɗewa da rariya, yana kiran Mujahid da Ayuba su fito. Mangaza ta tafi a hannun masu bin bashi da masu wawaso. Ayar da ta rage ta yi ƙwari. Sakina ta ɗauki Lubna ta koma Gazawa, kuma ban ga laifinta ba. Inna Habi ba ta ga wata damina ba. An sa gidan a kasuwa, babu wanda ya ko taya.

Gonar bakin kwalta kuwa an sayar da ita. Ridwanu ne ya sayar, da hannunsa, ya yi ta yawo da ƙanensa daga likita zuwa malamai har kuɗin ya ƙare. Yanzu ƙodago yake yi a gonakin mutane. Duk da haka kullum da azahar za ka gan shi da kwanon tuwo ya nufi gidan mai shuɗin ƙofa, ya ajiye wa ƙanen nan da ya nemi sayar da ran yayansa, ya juya. Na taɓa tambayarsa yadda yake iyawa. Ya ce, "Inna ta bar mani shi."

Ku da kuke zuwa wurina kuna kukan tsada, ina jinku, gaskiya kuke faɗa. Rayuwa ta yi wuya, mai tarawa yana gudu kaya suna gabansa. Amma ku tara abin da kuka iya, ku gina abin da ƙarfinku ya kai, ko na ƙasa ne ku shiga da yaranku da rai. Duk wanda ya ce zai ba ku gida a ƙwarya, mutanen gidan zai karɓa. Kuma wanda zuciyarsa ta yarda ya ba da ɗan'uwansa, ya riga ya ba da kowa, ko da bai yi kuskuren rami ba.

Rabilu yana nan bai mutu ba, tukunyarsa tana jingine. Wani lokaci yakan zo wurin aikina, fari fat da ƙurar siminti, leɓunansa duk ƙasa. Ya tsuguna ya kalli yarana suna cuɗa yashi, sannan ya matso ya yi mini magana a hankali kamar mai cikakken hankali.

"Baba Gado, kai ka san aikin ga. Siminti in ya kama, ana iya hidda ƙasar da ke ciki?"

Nakan ce masa ba a iyawa. Sai ya gyaɗa kai, ya ɗauki rariyarsa ya koma.